Rigimar "Ba Hutu": Wa Ya Fi Daɗewa a Kan Dandamali?

Ɗan Jita: Jama'a salamu alaikum. Wallahi abin nan ya ishe ni. Duk inda aka tayar da zancen wasan rok (kiɗan Turawa na jitar lantarki da ganga) mafi tsawo, sai wani ya yi caraf ya ce mawaƙin Amurka Bruce Springsteen a birnin Helsinki na Finland, awa 4 da minti 6, kamar mai biya hadda. Awa huɗu har wani abu ne? Daren 31 ga Disamba 1999, a Big Cypress da ke Fulorida, ƙungiyar Phish ta hau dandamali saura kaɗan sha biyun dare, ba ta sauko ba sai da rana ta fito ranar 1 ga Janairu 2000. Sama da awa bakwai, mutum huɗu rak, ba hutu, a gaban jama'a wajen dubu 80. Kuma da rana sun riga sun yi wani zagayen. Amma da yake ba a cika sa waƙarsu a rediyo ba, sai a shafe su. Mai abin da ya fi wannan ya kawo, in babu a daina cika mana kunne da Helsinki.

Anti Mai Agogo: Wa alaikumus salam. Ƙanena, ina tare da lissafinka har zuwa inda ka ce "ba hutu". Nan ka yi tuntuɓe. An ajiye musu ban-ɗaki na tafi-da-gidanka a kan dandamalin, kuma ba don ado aka hau da shi ba. In mutum ya aje jita ya kewaya, sauran suna riƙe masa kiɗa, sunan wannan hutu ko da mai kallo bai ji shiru ba.

Ɗan Jita: Haba Anti! Kewayawa ce hutu? Kiɗa ya tsaya?

Anti Mai Agogo: Ba ka ce kiɗa bai tsaya ba. Cewa ka yi mutum huɗu ba hutu. Koma ka karanta abin da hannunka ya rubuta.

Baban Ganga: Ku tsaya tukuna. Hutu a kan dandamali ba iri ɗaya ba ne, ya danganta da abin da ke hannunka. Mawaƙi yana shan iska duk sanda mai jita ya shiga bajekolin yatsu. Mai jita yana shan tasa in mai fiyano ya karɓa. Mai ganga ne kaɗai ba shi da wanda zai miƙa wa. A 2008 wasu jami'o'i biyu a Ingila sun fitar da awon da suka yi wa Clem Burke, mai gangar Blondie. A cikin wasa zuciyarsa tana bugawa sau 140 zuwa 150 a minti, wani lokaci ta kai 190, yana ƙona kalori 400 zuwa 600 a awa. Aikin ɗan ƙwallo ke nan, shi kuwa ɗan ƙwallo minti 90 ne har da hutun rabin lokaci a tsakani.

Kuma ba numfashi ne ke fara kayar da mai ganga ba, damtse ne da yatsu. Gumi ya fitar da gishirin jiki, jijiya ta ɗaure, sanda ta fara zamewa, sai ya ƙara damƙe ta, damƙar kuma ta jawo bororo a gindin manuniya. Shi ya sa ake naɗe yatsu da filasta tun kafin a hau, a aje ruwa mai ɗan gishiri da sukari inda hannu zai kai, ana kurɓa tsakanin waƙa da waƙa ba sai ƙishi ya taso ba. Ƙaramar gangar tsakiya kuma biyu ake kawowa an ɗaure su daidai da juna, domin fatar tana saki da zafi da duka, in ta fashe a zare a dasa ɗayar kafin waƙa ta ƙare.

To a nan ne nake raba su. Kiɗan Phish yana da dogayen wurare da ake lallaɓa ganga kamar mai rarrashin jariri. Max Weinberg, mai gangar Springsteen, duka yake yi da ƙarfi, kuma kafin ƙarar waccan waƙa ta mutu ubangidansa ya ƙirga ta gaba. Awa huɗunsa sun fi bakwai ɗin can nauyi.

Ɗan Jita: Baba, da sikeli ka auna nauyin? Tsawo muke magana, ba nauyi ba.

Baban Ganga: Kai ka kawo hutu, ni kuma na faɗa maka wanda bai huta ba.

Sarkin Zaure: Allah ya saka da alheri, Baba. A ƙara da wannan. Ranar 31 ga Yuli 2012 Springsteen yana da shekara 62. Waƙa 33 ya yi a filin wasan Olamfik na Helsinki, ban da guda biyar da ya fito ya yi shi kaɗai da jita ga waɗanda suka yi sammako, kafin a fara wasan ma. Bayan shekara huɗu, 7 ga Satumba 2016 a Filadelfiya, ya sake haura awa huɗu. Shi ne mawaƙin, shi ke riƙe da jita, shi ke zagaya dandamali. 'Yan Phish a lokacin nasu ba wanda ya kai arba'in.

Uwar Kaset: Ranka ya daɗe, ko a ajin awa huɗun ma ba naka ne a gaba ba. Ƙungiyar The Cure, 21 ga Afrilu 2013, filin Foro Sol a birnin Meziko, ranar da mawaƙinsu Robert Smith ya cika shekara 54: waƙa 50, awa 4 da minti 16. Minti goma ne tsakani, amma goman na nan.

Sarkin Zaure: Hajiya, su ai sauka suke yi su ɓace a bayan labule, jama'a su yi ta ihu, sannan su dawo. Kuma ba sau ɗaya ba. Cire wannan ki sake lissafi.

Uwar Kaset: Shi naka da yake tsayawa yana ba da labarin ƙuruciyarsa, kiɗa na bin sa a hankali, wa ya cire masa?

Sarkin Zaure: Magana da jama'a aiki ce, ba hutu ba.

Anti Mai Agogo: Kun ga abin da nake gudu. Kowa yana yanka wa hutu riga daidai jikin gwaninsa. Akwai masu ƙa'ida a rubuce, wato masu littafin bajintar duniya na Guinness, bari in shimfiɗa muku ita. A gasar juriya, duk awa ɗaya da ka cika kana aiki ka samu minti 5 na hutu. Kana iya tara su: ka yi awa huɗu a jere, ka karɓi minti 20 a dunƙule. Abin da ba a yarda ba shi ne cin bashi, wato ka huta mintin da ba ka riga ka samu ba. A waƙa kuma, tsakanin wata da wata kada ya wuce sakan 30, kowace waƙa ta kai aƙalla minti biyu, kuma ba a maimaita waƙa sai bayan awa huɗu. Ana son shaidu biyu masu zaman kansu a kowane lokaci, ana sauya su bayan 'yan awoyi, da littafin da ake rubuta farawa da tsayawa, da bidiyon da bai yanke ba kuma agogo yana ciki.

Yanzu ku ɗora wannan a kan gwanayenku. Phish da awa bakwai sun cancanci minti 35, saboda haka ban-ɗakinsu halal ne. Springsteen da dogon labarinsa ya karya sakan 30 tun kafin a je ko'ina. The Cure haka. Ƙungiyar The National kuwa, da ta yi awa shida a wani gidan baje zane a New York a watan Mayu 2013 tana maimaita waƙa ɗaya tilo kusan sau 100, da a gasar Guinness ne, da tun a zagaye na biyu an kore ta.

Ɗan Jita: Alhamdu lillahi! Kin dawo hanya, Anti. Ban-ɗaki halal ne.

Anti Mai Agogo: Halal ne, amma hutu ne. Ban janye ba.

Ɗan Zango: Ku daina kawo mana Guinness a nan, mu a Gana mun san zafinta. Afua Asantewaa ta fara waƙa a Akara ranar 24 ga Disamba 2023, ta yi awa 126 da minti 52. Mai riƙe da kambin a lokacin, Sunil Waghmare na Indiya, awa 105 ya yi a 2012. Ta wuce shi da kusan kwana guda, ƙasa gaba ɗaya ta kwana tana kallo, sai ga sanarwa a Fabrairu wai ba ta bi ƙa'idar lokutan hutu ba. Kwana biyar a tsaye, a zubar saboda mintoci.

Anti Mai Agogo: Ɗan'uwa, ba su zubar ba, masu riƙe mata littafi ne suka zubar. Hilda Baci ma a Legas, Mayu 2023, awa 100 ta yi niyya a girkinta. Ta ƙara 'yan mintoci a wani hutu tun da wuri, aka zaftare mata kusan awa bakwai, aka bar mata 93 da minti 11. Kuskuren iri ɗaya ne ko'ina: a ɗora wa masoya aikin agogo. Masoyi in ya ga gwanarsa ta galabaita sai ya kau da kai minti biyu.

Ɗan Zango: To me ya sa ita aka zaftare aka bar mata saura, tamu aka share duka? In Najeriya ce akwai sassauci.

Mai Janareto: Ta fara. Saura ka ce dafa-dukarku ta fi tamu.

Ɗan Zango: Wannan ai ba muhawara ba ce, Oga, kowa ya sani.

Sarkin Zaure: Girki da shinkafa ba rok ba ne. A dawo kan layi don Allah.

Injiniya Mai Miksa: Tun ɗazu mutane kuke ta aunawa, kun manta kayan aiki ma suna gajiya, kuma sukan riga mutum. A fara da lasifika. A cikinta akwai naɗin siririyar wayar tagulla, ita ke motsa fatar. Wutar da amfilifaya ke turowa mafi yawanta zafi take zama, ba sauti ba. Tagulla kuwa duk digiri ɗaya da ta ƙara, turjiyarta ga wuta tana ƙaruwa da kusan kashi 0.4 cikin ɗari. Naɗin ya kai digiri 200, turjiya ta hau da wajen kashi 70, ƙara ta ragu da desibel (ma'aunin ƙarar sauti) 3 zuwa 4 ba wanda ya taɓa komai. Sabon shiga sai ya ji sauti ya yi sanyi, ya ƙara turawa, zafi ya ƙaru, a awa ta biyar ya ji ƙaurin ƙuna. Maganin tun a shiri yake: a kawo lasifikoki fiye da buƙata, kowace ta yi aiki ƙasa da ƙarfinta, a kuma sa mata takunkumin da zai hana wuta wuce iyaka. Ku tuna katangar sautin ƙungiyar Grateful Dead ta 1974, lasifika wajen 600 da wat dubu 26. Ba don a kurmantar da kowa aka tara su ba, don kowace ta ɗauki ɗan kaɗan ne sauti ya fita tas.

Na biyu kunnen injiniyan kansa. Ma'aunin da hukumar binciken lafiyar ma'aikata ta Amurka ta bayar shi ne desibel 85 na awa takwas, kuma duk ƙarin 3 a raba lokacin biyu: 88 awa huɗu, 91 awa biyu, 94 awa ɗaya, 100 minti 15 kacal. Wasan rok kuwa a wajen 100 yake zama. Bayan awa uku kunne ya dushe, musamman ga siraran sautuka, sai injiniya ya yi ta ƙara musu kaifi yana jin daidai ne, alhali wanda ya shigo yanzu kamar ana soka masa allura. Don haka a dogon wasa ba a yarda da kunne, na'urar awo ake kallo, kuma mutum biyu ke karɓa-karɓa a kan miksa, wato na'urar daidaita sauti.

Na uku iska. Sauti yana tafiyar mita 349 a sakan in zafi digiri 30 ne, ya koma 340 a digiri 15. Hasumiyar lasifika da aka kafa mita 100 daga dandamali, an saita jinkirinta da yamma don sautinta ya zo daidai da na dandamali, kafin asuba ta kauce da kusan kashi 8 cikin dubu na sakan. A takarda ba komai ba ne, a kunne ganga ce ta fara yin baki biyu. Dole a sake saitawa cikin dare, wasa na tafiya.

Sai batir. Makirufo marar waya da batir AA biyu yakan ba da awa shida zuwa takwas a takardar kamfani, amma ba mai hankalin da zai jira ya gani. Sabo ake sawa daf da hawa, a tanadi makirufo na biyu a wani zangon rediyo daban, a musanya a tsakiya. Ga yawu da gumi da ke jiƙa soson cikin kan makirufo har murya ta toshe. Ga raɓar asuba a kan wayoyi, a wuri mai fadama irin Big Cypress. In za a ba wani kambin daren nan, ma'aikatan sauti za a ba.

Mai Janareto: Injiniya ya yi bayani har da iska da raɓa, amma bai faɗi inda wutar take fitowa ba. Haka kuke. Janareto mai kVA 500 a kashi uku cikin huɗu na ƙarfinsa yana shan dizal wajen lita 80 a awa. Awa bakwai da rabi lita 600 ke nan, ban da gwajin sauti na rana da fitilun kwashe kaya bayan an tashi. Ba a dogara da guda ɗaya. Biyu ake haɗawa su yi tafiya tare a bugu ɗaya, kowanne yana iya ɗaukar kayan shi kaɗai, in ɗaya ya shaƙe ɗayan ya riƙe ba tare da fitila ta ƙifta ba. Abin da ya fi kashe su cikin dare matatar mai ce. Tanki ya yi ƙasa, injin ya fara zuƙo dattin gindi da ruwan da ya taru, matata ta toshe. Don haka ba a barin tanki ya sauka ƙasa da kwata, kuma matata biyu ake jerawa da famfon juyawa. Kishiyar wannan kuma, ka kawo ƙaton inji ka ɗora masa abin da bai kai kashi 30 ba, man ba ya ƙonewa sosai, sai ya riƙa tsiyayar da baƙin mai ta salansa.

Kuma wutar fitilu daban, ta sauti daban. In aka gwama, ƙugin nan da kuke ji a lasifika ya shigo, sai ku ce janareto ne.

Injiniya Mai Miksa: Ƙugin nan sau tara cikin goma daga wayar da ke sauke wuta cikin ƙasa yake, Malam, kuma ku ke kafa ta. A buga ƙarfe biyu a wuri biyu ba a haɗa su ba, wuta ta sami hanyar zagaye.

Mai Janareto: Mu ke kafawa, ku ke cirewa. Wa ke yanke ƙafar ƙasa ta fulogin amfilifaya don ƙugi ya tafi? Wannan ganganci ne ke kisa. Les Harvey na ƙungiyar Stone the Crows a kan dandamali ya mutu a Swansea a 1972, ya taɓa makirufon da ba a haɗa shi da ƙasa ba. Grateful Dead ma a bikin kiɗa na Woodstock a 1969, bayan ruwan sama, wuta ta riƙa jan su in sun taɓa kayansu.

Injiniya Mai Miksa: Mai yanke ƙafar fulogi ba injiniya ba ne, ɗan kama-wuri ne. Akwai akwatin raba layi da ake sawa a hanyar sauti, ƙugi ya tafi, ƙasa tana nan. Kada ka haɗa mu.

Ɗan Jita: Jama'a ni fa tambayata wa ya fi Phish daɗewa. Har yanzu ba wanda ya amsa.

Na Agadas: Ni zan amsa maka. Kuna ta ƙetare teku, ga jita a bayan gidanku. A Agadas masu jitar lantarki a wajen biki suke koyon aikinsu, fili ne da tabarmi da ɗan janareto, ana yi ana karɓa har dare ya raba. Daga irin wannan fage Bombino da Mdou Moctar da Etran de L'Aïr suka fito, yanzu Turai da Amurka suna sayen tikitin ganinsu a matsayin 'yan rok. Ba mai riƙe musu agogo shi ya sa ba ku san su a wannan lissafi ba.

Sarkin Zaure: Biki daban, wasan tikiti daban, Malam. Kuma kai da bakinka ka ce ana karɓa.

Na Agadas: To Fela fa a zamaninsa, a gidan kiɗansa na Shrine a Legas? Sai dare ya tsala yake hawa, waƙa ɗaya ta ci minti 20 ko 30, a kai asuba.

Baban Ganga: Fela ba rok yake yi ba, shi da kansa ya raɗa wa kiɗansa suna. Amma Tony Allen da ya riƙe masa ganga, wannan a cire masa hula.

Na Agadas: Da Ginger Baker, mai gangar ƙungiyar rok ta Cream, ya zo Legas ya zauna yana kiɗa da su, ba ku ce ba rok ba ne.

Anti Mai Agogo: In an buɗe ƙofar karɓa-karɓa, to duk ku koma gefe. Taron kiɗan tara agaji na Live Aid, 13 ga Yuli 1985, awa 16 tsakanin Wembley a Landan da Filadelfiya. Dandamalin Wembley mai juyawa ne an kasa shi uku: ana wasa a ɗaya, ana shirya na biyu, ana kwashe na uku, ga fitila irin ta kan titi a gefe tana nuna wa mawaƙi lokacinsa ya kusa. 'Yan ƙungiyar Queen da ake ta zancensu har yau minti 21 suka yi. A littafin Guinness kuwa, wani gidan shaƙatawa a Stouffville ta Kanada ya yi kwana 18 a 2017, sama da awa 430, ƙungiya na sauka wata na hawa, minti biyar tsakani, kuma dole a sami aƙalla mutum goma suna kallo ko da ƙarfe huɗun dare ne.

Mai Janareto: In haka ne ni ma ga nawa. A wata tsohuwar majami'a a Halberstadt ta Jamus an kunna wani kiɗan John Cage a 2001, an tsara zai ƙare a 2640, shekara 639. Jakunkunan yashi ne ke danne maɓallan abin kiɗan majami'ar, wato ogan. Yashi ba ya kewayawa, Anti.

Anti Mai Agogo: Wata 17 na farko shiru ne, ba sauti ko ɗaya. Da hutu ma aka fara.

Uwar Kaset: Ku bar wasa. Abin da ya sa wannan gardama ba ta mutuwa shi ne yawancin alƙaluman da ake yawo da su ba daga agogo suka fito ba, daga bakin wanda ya je ne. Grateful Dead a daren rufe zauren Winterland na San Faransisko, 31 ga Disamba 1978, sun hau sha biyun dare, aka tashi da asuba har aka raba wa jama'a karin kumallo. Sai a ce awa shida. Amma zagaye uku ne da dogon hutu a tsakani, in ka jera abin da aka naɗa bai kai haka ba. Led Zeppelin ma ana cewa sun yi awa huɗu da rabi a Boston a Janairu 1969, a lokacin da faifansu ɗaya ne tak a kasuwa. Ana cewa ne.

Naɗin kansa yana da ramuka. Kaset mai minti 90, 45 ne kowane gefe, duk juyawa ana asarar 'yan sakanni, mai naɗi kuma yakan danna tsayawa a lokacin tafi don ya yi tattalin zare. Sai wasa ya fito gajere. Na zamani kuma nasu ciwon daban. Layin sauti ɗaya a naɗin na'ura mai inganci yana cin kusan megabait 518 a awa. Layi 64 gigabait 33 ke nan a awa, dare irin na Phish ya haura 230. Fayil ɗin sauti nau'in WAV kuma ba ya wuce gigabait 4, wanda a layi biyu yake cika a awa 4 da minti 8. Helsinki ta shige da ƙyar da ragowar minti biyu, Meziko ba ta shiga. In na'urar ba mai buɗe sabon fayil da kanta ba ce, ƙarshen wasan ya tafi.

Sarkin Zaure: Kin gani? Ko na'ura ta san inda wasan kirki ya kamata ya tsaya.

Injiniya Mai Miksa: Ranka ya daɗe, ba na'ura ke tsayar da shi ba, hukuma ce. Mako biyu da 'yan kwanaki kafin Helsinki, 14 ga Yuli 2012 a Hyde Park ta Landan, gwaninka ya haura awa uku, ya jawo Paul McCartney, tsohon ɗan ƙungiyar Beatles, kan dandamali, ƙarfe goma da rabi na dokar unguwa ta wuce, aka kashe musu makirufo suna tsaye. Da ya je Dublin bayan kwana uku har da ƙaton makunnin wuta na wasa ya hau da shi. Kuma masu unguwa suna da hujja: da dare iskar ƙasa ta fi ta sama sanyi, sai sauti ya lanƙwaso ƙasa maimakon ya tashi, gidan da bai ji komai da la'asar ba ya ji ganga a ɗakin kwanansa. Phish sun kai safiya ne domin a ƙasar ƙabilar Seminole suka yi, cikin daji, jama'a sun kafa tantuna, ba maƙwabcin da zai kira 'yan sanda, ba jirgin ƙasan ƙarshe da za a rasa. Ba a filin ƙwallon tsakiyar gari ake gane wanda ya fi juriya ba.

Ɗan Jita: To ai ka goyi bayana ke nan, Injiniya.

Injiniya Mai Miksa: Ban goyi bayan kowa ba. Cewa na yi daji ne ya yi muku aikin.

Sarkin Zaure: To jama'a dare ya yi, bari in tattara kafin in rufe. Abin da zaure ya fahimta: ɗaya, maganar "ba hutu" ta faɗi, Anti ta tabbatar da ban-ɗaki, mai maganar bai musa ba. Biyu, Baban Ganga, wanda sana'arsa ce, ya nuna awa huɗun Helsinki sun fi nauyi. Uku, Injiniya ya tabbatar da cewa hukuma ce ke tsayar da Springsteen ba gajiya ba, ke nan da an bar shi da ya kai safiya yana da shekara 62. Huɗu, na Meziko akwai sauka da hawa a ciki, ba a lissafa shi. Biki, girki, yashi da karɓa-karɓa ba su cikin zance. Saboda haka Helsinki tana nan a matsayinta. Na gode wa kowa.

Uwar Kaset: Ranka ya daɗe, wa ya ce ba a lissafa Meziko ban da kai?

Injiniya Mai Miksa: Kuma ni ban ce da ya kai safiya ba. A gyara na ukun nan.

Ɗan Jita: Bakwai dai ta fi huɗu ko a makarantar allo.

Anti Mai Agogo: Bakwai ban da minti nawa?